Darasi: Fizgar Wuya, Raunin Jijiyoyin Ɗauri da Sakwarkwacewar Gaɓa

Manufar darasi

Ana sa ran wanda ya kammala wannan darasi zai iya bayyana yadda wuyan ɗan Adam yake a gine da aikin da jijiyoyin ɗauri ke yi a cikinsa, ya rarrabe tsakanin targaɗen wuya da ke warkewa da kansa da raunin da ke iya kaiwa ga shanyewar jiki, sannan ya san abin da ya kamata a yi wa wanda ya yi hatsari tun daga bakin hanya har zuwa ranar da zai koma gona ko kasuwa.

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo, a gabashin Jihar Sakkwato, ƙasar fadama ce da noman rani, inda madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a kan gulbin Rima a shekarar 1984, ke shayar da gonaki masu yawa. Albasa da tafarnuwa da shinkafar da ake nomawa a nan sai sun hau hanya kafin su zama kuɗi, saboda haka kullum akwai mutane a bisa babur, ko a-kori-kura, ko amalanke, ko raƙumi, suna nufin kasuwannin Achida, Goronyo da Gandi, ko kuma birnin Sakkwato. Inda zirga-zirga ta yi yawa hatsari ba ya rasa aukuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya kowace shekara, ban da miliyoyin da ke tashi da rauni.

Idan hatsari ya auku, abin da jama'a ke fara dubawa shi ne jini da karaya, kuma da zarar mutum ya miƙe da ƙafarsa sai a yi masa barka da arziki, a ce ya tsallake rijiya da baya. Sau da yawa sai washegari wuyan ke sanƙarewa, ƙeya ta ɗauki zugi, waiwaye ya gagara. Wannan shi ne ciwon fizgar wuya, wato raunin da ke samun naman wuya da jijiyoyinsa sakamakon wurga kai baya da gaba cikin gaggawa. Kura-kurai biyu masu karo da juna ake yi game da shi: a farkon lamari ana motsa wuyan da ya kamata a bar shi wuri guda, daga baya kuma ana ɗaure wuyan da ya kamata a motsa shi.

1. Ginin wuya

Wuya yana da ƙasusuwa 7 da aka jera ɗaya bisa ɗaya, kuma su ne ke ɗauke da kai, wanda nauyinsa a jikin baligi ya kai kimanin kilo 5. Na farkonsu, wanda likitoci ke kira atlas, zobe ne da ƙoƙon kai ke zaune a kansa, na biyu kuma, wato aksis, yana da wani tsini da ya shige cikin wannan zobe, kuma a kewayen tsinin ne ake yin kusan rabin juyawar da kai ke yi zuwa dama da hagu. Daga ƙashi na biyu zuwa ƙasa, tsakanin kowane ƙashi da mai bi masa akwai faifan guringuntsi mai rage girgiza, sannan ta baya akwai ƙananan gaɓoɓi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda ake kira gaɓoɓin faset. Ta tsakiyar wannan jeri laka ta ratsa, ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki, kuma rassanta na wuya su ne ke sarrafa hannuwa da babbar tsokar numfashi. Akwai kuma jijiyoyin jini biyu da ke bi ta ramukan gefen ƙasusuwan suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa.

Abin da ke riƙe ƙasusuwan a mazauninsu shi ne jijiyoyin ɗauri, waɗanda likitoci ke kira ligamen. Jijiyar ɗauri zare ne mai tauri da ke haɗa ƙashi da ƙashi, kuma ta bambanta da agara, wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, haka kuma ta bambanta da jijiyar jini da jijiyar saƙo. Akwai doguwar jijiyar ɗauri da ta bi gaban ƙasusuwan tana hana wuya lanƙwasawa baya fiye da kima, akwai wasu ta baya da ke hana shi dunƙulewa gaba, kowace gaɓar faset tana naɗe cikin tata jaka ta jijiya, sannan a can sama akwai wata da ta gitta bayan tsinin aksis tana hana shi danna laka, tare da wasu gajeru biyu da suka ɗaure tsinin da ƙoƙon kai don taƙaita juyawa. Aikinsu ya yi kama da na igiyar da ake ɗaure mangala da ita a bayan jaki: muddin igiyar na da ƙarfi kaya za su tafi daidai, idan kuwa ta saki sai kayan su riƙa karkata, dole mai jakin ya riƙa tallabe su da hannu har ya gaji. Tsokokin wuya su ne ke yin wannan tallabe, shi ya sa suke ɗaurewa su yi tsami idan jijiyar ɗauri ta ji rauni.

2. Yadda fizgar ke aukuwa

Likitoci sun fara rubutu sosai a kan irin wannan rauni ne a zamanin da jirgin ƙasa ya yaɗu a Ingila, inda likita John Erichsen ya wallafa bayani a 1866 game da fasinjojin da ke fita daga hatsari babu karaya amma su kwanta ciwon baya da wuya daga bisani. A 1928 ne likitan ƙashi Harold Crowe na Amurka ya raɗa wa raunin sunan da ake kiransa da shi a asibitoci har yau, wato wiflash.

Misalin da aka fi nazari shi ne na motar da ke tsaye aka buge ta ta baya. Kujera takan tura gangar jiki gaba yayin da kai, saboda nauyinsa, ke nan inda yake, sai wuyan ya ɗauki siffar harafin S, ƙasansa ya lanƙwashe baya fiye da yadda aka halicce shi, samansa kuma ya duƙa gaba. Bayan haka kan yakan wurgu baya, sannan ya dawo gaba da ƙarfi. Duk wannan yana ƙarewa cikin ƙasa da rabin sakan, kafin tsokoki su farga su kare wuyan, don haka jijiyoyin ɗauri da faifan guringuntsi da gaɓoɓin faset ne ke shan wahalar. Idan kuma kan yana juye gefe a lokacin bugun, kamar direban da ke magana da fasinja, raunin yakan fi tsanani, domin jijiyoyin ɓangare guda sun riga sun miƙe.

A yankin da ake magana a kansa, mota mai kujera ba ita kaɗai ke jawo wannan ba. Fasinjan ɗan kabu-kabu da ke rungume da buhu ba shi da abin jingina kai, saboda haka birki na ba-zata ko faɗawa rami ya isa ya fizge masa wuya. Waɗanda ke zama a saman buhunan albasa a bayan a-kori-kura su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin idan motar ta yi tangal-tangal daga sama suke faɗowa, sau da yawa da ka. Faɗowa daga raƙumi ko amalanke ko itace, zamewa da kaya a ka a kan gaɓar kwalbati, kayarwa a kokawa da naushi a dambe duk suna iya haifar da rauni iri ɗaya.

3. Matakan rauni da ma'anar sakwarkwacewar gaɓa

Raunin jijiyar ɗauri, wanda aka fi sani da targaɗe, hawa uku ne. A hawa na farko jijiyar ta miƙe ne kawai, 'yan zaruruwa suka tsinke, gaɓar kuma tana nan daram. A na biyu wani sashe na jijiyar ya yage, akwai kumburi da zafi mai yawa, gaɓar ta ɗan saki. A na uku jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, ƙasusuwan da take riƙewa suna iya gocewa. Jijiyar ɗauri ba ta samun jini da yawa kamar tsoka, shi ya sa warkewarta ke da nawa: kwanakin farko na kumburi ne, makonnin da ke biye jiki yana saƙa sabon zare, sannan a ɗauki watanni, wani lokaci har shekara, zaren yana daidaituwa yana ƙara ƙarfi. Motsi mai sauƙi yana taimaka wa sabon zaren ya jeru daidai, rashin motsi kuwa yana sa ya cukurkuɗe ya yi rauni.

Sakwarkwacewar gaɓa na nufin ƙasusuwa biyu su riƙa motsi a kan juna fiye da iyakarsu a ƙarƙashin nauyin yau da kullum, har su iya matse laka ko reshenta. Likitoci suna auna ta a hoto: a tsakiya da ƙasan wuya, idan ƙashi ya zame a kan ɗan'uwansa fiye da milimita 3.5, ko ya karkace fiye da digiri 11 idan an gwada shi da maƙwabtansa, ana ɗaukar gaɓar a matsayin sakwarkwatacciya. A saman wuya kuma ratar da ke tsakanin atlas da tsinin aksis bai kamata ta wuce milimita 3 ga baligi ko 5 ga yaro ba. Irin wannan sakwarkwacewa ba ta da yawa a cikin masu fizgar wuya, akasarinsu targaɗe ne na hawa na farko ko na biyu, amma ido ba ya iya rarrabe su a bakin hanya, kuma mai tsinkakkiyar jijiya yana iya miƙewa ya yi tafiya, domin tsokokinsa sun ɗaure suna riƙe masa wuyan na ɗan lokaci.

A 1995 wani kwamitin masana a lardin Kebek na ƙasar Kanada ya tsara matakan da asibitoci ke bi wajen rarraba masu wannan ciwo. Mataki na 0 shi ne wanda ba shi da kuka ko alama. Na 1 yana jin ciwo ko sanƙarewa amma likita bai ga alama ba. Na 2 wuyansa ba ya juyawa sosai kuma akwai inda ke zafi idan an danna. Na 3 yana da alamun taɓuwar jijiyar saƙo, kamar sagewa ko raunin hannu. Na 4 kuma shi ne mai karaya ko gocewar ƙashi.

4. Alamomi

Ciwon yakan bayyana bayan wasu sa'o'i, wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu, saboda kumburi a hankali yake taruwa, kuma firgicin hatsari yana danne zafi da farko. Alamomin da aka saba gani su ne ciwo da sanƙarewar wuya, ciwon kai da ke tasowa daga ƙeya, zugi a kafaɗa da tsakanin allunan kafaɗa, jiri, kasala da rashin barci. Mai ciwon yakan fara lura da shi ne a wurin sujada, ko sa'ad da zai waiwaya a kan babur ya ga sai ya juya da dukan jikinsa.

Akwai kuma alamomin haɗari da ba a kwana da su a gida: sagewa ko tsikari ko rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa, tafiya da tangaɗi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko kasa yin su, jin kamar wutar lantarki na bin gadon baya idan an sunkuyar da kai, zafi mai tsanani a tsakiyar ƙashin wuya, mutum ya riƙa tallabe kansa da hannu don jin kamar zai faɗi, gani biyu-biyu, sarƙewar harshe, wahalar haɗiya, karkacewar baki, amai a kai a kai, ruɗewa ko suma. Tsofaffi suna buƙatar kulawa ta musamman, domin hanyar laka takan ƙuntata da shekaru, har ƙaramar faɗuwa ta iya raunana hannuwa fiye da ƙafafu. Yara ƙanana kuma kansu yana da girma idan an gwada da jikinsu, jijiyoyinsu na ɗauri suna da laushi, saboda haka lakarsu tana iya taɓuwa alhali hoton ƙashi bai nuna komai ba.

Jihar Sakkwato tana cikin yankin da cutar sanƙarau ke ɓulla lokacin zafi, kamar yadda aka gani a annobar 2017, don haka wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani da ƙin haske, ko da mutumin ya yi hatsari kwanan nan, a garzaya da shi asibiti a ranar.

5. A wurin hatsari

Abin da aka saba gani shi ne jama'a su taru da kyakkyawar niyya, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a ɗaga mutum kansa na reto, a lanƙwasa shi a kujerar baya ta ƙaramar mota ko a sa shi tsakanin mutum biyu a kan babur. Idan akwai sakwarkwatacciyar gaɓa, wannan ɗauka ce ke iya ƙarasa abin da hatsarin ya fara. Ƙa'idar ita ce a ɗauki duk wanda ya faɗo da ka, ko ya suma, ko yake kukan wuya, a matsayin mai raunin laka har sai likita ya tabbatar da akasin haka.

Mutum ɗaya ya durƙusa a saitin kan wanda ya ji rauni, ya sa tafukansa a gefen kan biyu ba tare da toshe kunnuwa ba, ya riƙe shi a yadda ya same shi, kada ya ja, kada ya murɗa. A yi masa magana daga gabansa don kada ya waiwaya, a tambaye shi ko yana jin yatsunsa na hannu da na ƙafa. Idan babu motar asibiti, a nemo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu suna tafiya tare bisa umarnin mai riƙe da kai, a shigar da katakon, a nannaɗe zani ko rawani a tokare kan ta gefe biyu, sannan a ɗaure goshi da ƙirji da ƙugu da katakon. A irin wannan hali bayan a-kori-kura da aka sauke wa kaya ya fi kujerar ƙaramar mota. Ba a ba shi ruwa ko abinci, ba a cire masa hular kwano sai idan ta hana shi numfashi, idan kuma amai ya zo sai a mirgina shi gefe gaba ɗayansa. Numfashi da tsayar da zubar jini suna gaba da komai. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kiran gaggawa 122.

6. A asibiti

Asibitocin gwamnati na Wurno, Rabah da Goronyo su ne zangon farko, kuma daga nan ake tura mai alamun haɗari zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko, ko kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ba kowane mai ciwon wuya ne ke buƙatar hoto ba. Wata ƙa'ida da likitocin Kanada suka wallafa a 2001 ta ce a ɗauki hoton baligin da ya kai shekara 65, ko mai sagewar hannu ko ƙafa, ko wanda hatsarinsa ya yi muni, kamar faɗowa daga tsayin da ya wuce mita 1, faɗuwa da tsakar ka, kifewar mota ko wurgo mutum daga cikinta. Bisa wannan ma'auni, wanda ya faɗo daga saman lodi ko daga bayan raƙumi ya cancanci hoto ko da ya zo da ƙafarsa. Wanda ba ya cikin waɗannan, kuma babu zafi a tsakiyar ƙashin wuyansa, likita yakan nemi ya juya kansa da kansa digiri 45 dama da hagu, idan ya iya to da wuya a sami mummunan rauni.

Hoton eksire da na CT ƙashi suke nunawa, jijiyoyin ɗauri da faifai da laka kuwa hoton MRI ne ya fi nuna su. Saboda haka jin cewa babu karaya a hoto albishir ne, amma bai kore raunin jijiya ba. Idan ana zargin sakwarkwacewa, akan sake ɗaukar hoto bayan tsokoki sun saki, mai ciwon yana sunkuyar da kai yana ɗagawa da kansa a gaban likita. Gaɓar da aka tabbatar ta sakwarkwace ana riƙe ta da abin wuya mai tauri na makonni, ko a yi tiyata a haɗe ƙasusuwan biyu da ƙarfe.

7. Ɗori, ƙaho da kantin magani

Ɗori sana'a ce ta gado mai dogon tarihi a ƙasar Hausa, kuma nazarin jinya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 kuma can kabarinsa yake, ya bar rubuce-rubuce a kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. Sai dai wuya ya bambanta da dantse ko ƙwauri, domin laka tana cikinsa, kuma hannu komai ƙwarewarsa ba ya iya jin ko jijiyar da ke bayan tsinin aksis ta tsinke. Jan kai da murɗa shi har ya yi ƙara na iya gusar da ƙashi ya danne laka, ko ya yaga jijiyar jinin da ke bi ta gefen ƙasusuwan ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ƙarar da ake ji ba alamar komawar ƙashi mazauninsa ba ce, iska ce da ke cikin ruwan gaɓa. Mai ɗorin da ya tura mai ciwon wuya asibiti kafin ya taɓa shi ya kare majinyacin, ya kuma kare sunan gidansu. Ƙaho da tsaga da sakiya a fata suke tsayawa, ba sa kaiwa ga jijiyar da ta ji rauni, kuma suna buɗe ƙofar shigar ƙwayoyin cuta.

Game da magani, farasitamol ya wadatar ga mafi yawan mutane, kuma baligi ba ya wuce giram 4 a yini. Ibufurofen da dikulofenak suna rage kumburi, amma ana shan su bayan cin abinci na 'yan kwanaki kawai, kuma ba su dace da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba sai da izinin likita. Haɗin ƙwayoyi barkatai da ake ƙullawa a leda a wasu kantunan magani yakan ƙunshi magunguna iri ɗaya biyu ko uku, wanda ke ninka illarsu. Tiramadol kuwa yana kama jiki, kuma yana ɓoye zafin da ya kamata ya hana mutum ɗaukar kayan da suka fi ƙarfin wuyansa.

8. Jinya bayan an kore haɗari

Da zarar likita ya tabbatar babu karaya, babu sakwarkwacewa, babu taɓuwar laka, sai ƙa'ida ta juya: motsi ya zama magani. Binciken da aka yi a Nowe a 1998 ya nuna cewa waɗanda aka ce su ci gaba da harkokinsu sun fi samun sauƙi bayan wata 6 a kan waɗanda aka ba hutu aka sa wa abin wuya mai laushi. Ɗaure wuya da soso ko rawani na makonni yana raunana tsoka, ya ƙara sanƙarewa, ya kuma dasa tsoron motsi a zuciya.

Motsin da ake so mai sauƙi ne, ana yin sa sau da yawa a yini ba tare da tilastawa ba: juya kai dama da hagu a hankali, karkata kunne zuwa kafaɗa, jan haɓa ciki ana kallon gaba na 'yan sakanni, da juya kafaɗu baya. Ɗan zafin da ke lafawa bayan an gama ba abin damuwa ba ne, amma motsin da ke saukar da zugi ko sagewa zuwa hannu a dakatar da shi a koma wa likita. Gashi da tsumma mai ɗumi yana sassauta tsoka, matashin kai kuma ya kasance mai cike ratar da ke tsakanin wuya da shimfiɗa. Wanda sujada ta yi wa wuya yana da sauƙin da shari'a ta ba majinyaci na yin salla gwargwadon iyawarsa. Dakon buhu, ɗaukar tulu ko itace a kan gammo da doguwar tafiya a babur kan hanya mai gargada su ne ayyukan da ake jinkirtawa, a koma musu daki-daki daga ƙaramin nauyi zuwa babba. Likitocin gashi da motsa jiki, waɗanda ake kira likitocin fisiyo, su ne ke tsara wannan aiki idan sauƙi ya yi jinkiri.

Yawancin sauƙin yakan samu ne a cikin wata 2 zuwa 3 na farko, amma wani babban nazari da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa kusan rabin masu wannan ciwo suna jin wani abu na ciwon wuya bayan shekara guda, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu ke kasa aiki. Masu bincike a Ostareliya sun gano a tsakiyar shekarun 1990 cewa kimanin rabin ciwon da ya daɗe daga gaɓoɓin faset yake fitowa, waɗanda rauninsu ba ya bayyana a hoton ƙashi, don haka kuskure ne a ɗauki irin wannan majinyaci a matsayin mai raki. Tsananin zafi tun farko, firgicin da ya ƙi gushewa da rashin barci suna cikin abubuwan da ke tsawaita ciwon, kuma su ma suna buƙatar a faɗa wa likita.

9. Rigakafi

Matashin da ke saman kujerar mota don kare wuya aka yi shi, kuma Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci tun 1969. Samansa ya kamata ya yi daidai da saman kai, ya kuma kasance kusa da ƙeya, cire shi don ƙara wa fasinjojin baya fili kuwa cire kariya ne. Ɗamarar kujera tana hana a wurgo mutum waje, hular kwano tana kare ƙwaƙwalwa, barin tazara tsakanin motoci da gyara fitilar birki suna rage bugun baya, raba fasinja da lodi kuma yana kawar da faɗuwa mafi muni da ake gani a hanyoyin kasuwa.

Taƙaitawa

Jijiyoyin ɗauri su ne ke riƙe ƙasusuwan wuya, kuma suna iya jin rauni ba tare da karaya ko jini ba. Kafin likita ya duba, ana riƙe wuya wuri guda, ba a ja, ba a murɗa. Bayan likita ya kore haɗari, ana motsa shi a hankali a koma aiki daki-daki. Sagewa, rashin ƙarfi, tangaɗi, matsalar fitsari, ruɗewa ko zazzaɓi mai zafi suna wajabta komawa asibiti nan take.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin jijiyar ɗauri da agara, kuma me ya sa jijiyar ɗauri ke jinkirin warkewa?
2. Me ya sa mutum mai tsinkakkiyar jijiyar wuya ke iya tashi ya yi tafiya bayan hatsari?
3. A lissafa alamomin haɗari guda 6 da ba a kwana da su a gida.
4. Waɗanne irin hatsarori ne na wannan yanki suka cancanci ɗaukar hoton wuya ko da mutum ya zo da ƙafarsa?
5. Yaushe ne rashin motsi ke kare wuya, yaushe ne kuma yake cutar da shi?

Aiki a aji

Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni na mutum 5, maza daban mata daban, ɗaya ya kwanta a kan tabarma a matsayin wanda ya faɗo daga babur, ɗaya ya riƙe kai ya ba da umarni, sauran ukun su mirgina shi zuwa kan faffaɗan katako su tokare kansa da naɗaɗɗen zani, sannan a yi musanyar matsayi har kowa ya gwada riƙon kai.